Lissafin Taurarin Damina: Ilimi Ne Ko Shirka?

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Yake kora iska, Ya tara girgije, Ya saukar da ruwa a inda Ya so kuma a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, musabbabin wannan rubutu wani kuskure ne da na yi a aji. A ƙarshen bazarar da ta wuce muna karatun tauhidi da ɗaliban aji na sama a Islamiyyarmu, sai muka zo kan babin masu jingina saukar ruwa ga taurari. Na karanta hadisin, na fassara, na tsoratar, lokaci ya cika muka tashi. Bayan mako guda wani yaro mai ƙwazo, ɗan shekara goma sha shida, ya tsaya bayan kowa ya fita, ya ce mini: "Malam, na gaya wa kakana abin da yake yi shirka ne, yau kwana uku ke nan ba ya amsa gaisuwata." Da na tambaye shi abin da tsohon ya aikata, sai ya ce an yi ruwan farko a ƙauyensu, iyaye sun ɗauki sungumi za su fita shuka, tsohon ya hana. Ya ce tauraron shuka bai shiga ba, shamuwa ba ta gama sheƙa ba, wannan ruwa na yaudara ne, duk wanda ya zuba irinsa zai yi kuka.

Jikina ya yi sanyi, domin na san rabin babin na karantar. Ɗayan rabin, wanda malamanmu na farko suka yi bayaninsa dalla-dalla, na bar shi a cikin littafi. Shi ne nake so in kawo a nan, kuma ba zai fahimtu ba sai mun koma baya mun ga halin da manomin dā yake ciki.

Mai karatu ya ɗauka shi ne manomin. Ba rediyo, ba kalanda a bango, ba hukumar hasashen yanayi. Abin da ya rage a rumbu shi ne iri, kuma irin nan shi ne abincin da aka hana yara domin a shuka. In ya yi gaggawa ya shuka da ruwan farko, sannan sama ta ɗauke kwana ashirin, tsiron ya ƙone, iri ya tafi. In ya yi jinkiri, damina ta ƙare gero bai nuna ba. Watannin ƙamariyya ba za su taimake shi a nan ba, domin kowace shekara suna matsowa da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi yakan zo a hunturu, bayan wasu shekaru ya zo a tsakiyar damina. Manomi yana bukatar lissafin da yake tafiya da rana, kuma wanda ba sai an iya karatu ba. Ya same shi a bisa kansa. Tauraron da ya ɓace makonni, ranar da aka fara hango shi a gabas gab da fitowar alfijir ranar ba ta canzawa daga shekara zuwa shekara, in dai a tsawon rayuwar mutum ɗaya ne.

Mutanen Masar ta dā su ne suka fi shahara da wannan. Noman ƙasarsu kacokan ya dogara ne ga ambaliyar kogin Nilu, kuma sun lura cewa tauraron Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraron dare haske in an cire irin su Zara masu yawo, yana sake bayyana da asuba a cikin watan Yuli, daidai lokacin da kogin yake fara cikowa. Ba Shi'ira ne yake cika kogin ba. Ruwan sama ne da yake sauka a kan tsaunukan Habasha, nesa da inda idonsu yake kaiwa. Amma da yake abubuwan biyu suna zuwa tare, sai aka wayi gari alamar ta zama abin bauta. Haka wasu Larabawan jahiliyya suka bauta wa wannan tauraro, har Alƙur'ani ya ambace shi da sunansa a aya ta 49 ta Suratun Najmi, yana bayyana cewa shi ma yana da Ubangiji. Wani abin lura shi ne, da Musulmi suka mallaki Masar ba su daina auna kogin ba. A shekarar 247 bayan hijira, wato 861, a zamanin halifa Mutawakkil, aka gina ma'aunin Nilu a tsibirin Rauda da ke Alƙahira, wanda har yau yana nan. In ruwa ya kai kamu 16 a jikin ginshiƙinsa, an san za a yi noma mai kyau. Ambaliyar kanta ta daina zuwa tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970.

Girkawa ma suna da nasu. Mawaƙinsu Hesiyod, kimanin shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya shawarci manomi ya fara girbi in Surayya ta hudo, ya fara huɗa in ta faɗi. Surayyar nan ita ce tamu da muke kira kaza da 'ya'yanta.

Amma wanda ya shafe mu kai tsaye shi ne lissafin Larabawa, wanda suke kira anwa'u, tilonsa nau'u. Sun kasa hanyar da wata yake bi a sama zuwa masaukai 28, kowane masauki da tauraronsa ko gungun taurarinsa. Duk bayan kwana 13, ɗaya daga cikinsu yakan faɗi a yamma da asuba, a daidai lokacin da kishiyarsa take hudowa a gabas. In ka ninka 28 sau 13 za ka sami 364, sai a ƙara wa masaukin Jabaha kwana ɗaya, shekara ta cika 365. Balaraben ƙauye ya san cewa a nau'in kaza ake samun ruwa mai yawa, a nau'in kaza iska mai zafi take tasowa, hudowar Suhailu a ƙarshen Agusta kuwa alama ce ta karyewar zafi. Zuwa nan babu laifi, gwaji ne na ɗaruruwan shekaru da uba yake miƙa wa ɗa. Inda ɓarna ta shigo shi ne da suka riƙa ganin tauraron ne mai bayarwa da hanawa. In ruwa ya sauka a yabi tauraro, in bai sauka ba a ce tauraron ya yi rowa.

A kan wannan aƙida hadisin da na karanta wa ɗalibai ya zo. Zaidu ɗan Halidu Aljuhani (RA) ya ruwaito shi, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. A Hudaibiyya ne, shekara ta 6 bayan hijira, an kwana ana ruwa. Bayan sallar asuba Manzon Allah (SAW) ya fuskanci mutane ya sanar da su cewa Allah Ya ce bayinSa sun wayi gari kashi biyu. Wanda ya danganta ruwan ga falalar Allah da rahamarSa ya yi imani da Shi, ya kafirce wa tauraro. Wanda kuwa ya danganta shi ga nau'in wani tauraro ya kafirce maSa, ya yi imani da tauraro.

Nan na tsaya a aji. Ga inda ya kamata in ci gaba.

Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 204 bayan hijira, ya yi magana a kan wannan hadisi a cikin Al-Umm, ya raba maganar gida biyu. Wanda ya faɗi haka yana nufin tauraron ne ya saukar da ruwan, kamar yadda mushirikai suke nufi, wannan kafirci ne, domin nau'i lokaci ne kawai, lokaci kuwa halitta ne, ba ya mallaka wa kansa ko waninsa komai. Wanda kuwa yake nufin an yi ruwa a lokacin kaza, kamar ya ce an yi ruwa a watan kaza, wannan bai kafirta ba, ko da yake Imamin ya fi son a yi amfani da wani lafazin. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA), a ranar da ya fita roƙon ruwa, ya tambayi Abbas baffan Annabi (SAW) kwana nawa suka rage a nau'in Surayya, Abbas ya ba shi amsa da abin da masana wannan lissafi suke faɗa, wato kwana bakwai. Ka ga halifa yana roƙon Allah, yana kuma tambayar lokacin da aka saba samun ruwa, bai ga karo a tsakanin biyun ba. Zaidu ɗan Sabitu (RA) kuma ba ya sayar da 'ya'yan itacen gonarsa sai Surayya ta hudo, domin a Hijaz a lokacin ne dabino yake fita daga haɗarin lalacewa. Daga baya Ibnu Rajab, wanda ya rasu a 795 bayan hijira, ya tsara maganar da kalmomi biyu da ɗalibai ya kamata su riƙe: ilimin tasyiri, wato sanin tafiyar taurari domin gane alƙibla da hanya da lokaci, wanda jumhurun malamai suka halatta, da ilimin ta'asiri, wato da'awar cewa taurari suna juya al'amuran mutane, wanda yake haramun. Aya ta 16 ta Suratun Nahli ta ambaci shiryuwa da taurari, aya ta 57 ta Suratul A'arafi ta siffanta iska da mai bushara gabanin rahamar Allah. Mai bushara ai ba shi ne mai kyautar ba.

Akwai wani abin da yake ba ni sha'awa a Muwaɗɗa. A babin da Imamu Malik ya kawo hadisin Hudaibiyya, ya bi shi da wata ruwaya da ta ce girgijen da ya taso daga wajen teku sannan ya karkata wajen Sham yana ɗauke da ruwa mai yawa. Wannan ruwaya tana cikin huɗun nan da Ibnu Abdil Barri ya ce bai sami isnadinsu a haɗe ba, don haka ba na kafa hujja da ita a matsayin hadisi. Amma ajiye ta da Malik ya yi a wannan wuri yana nuna cewa malamin Madina bai ɗauki karanta girgije a matsayin kishiyar tauhidi ba.

Saboda wannan fahimta ne malaman Musulunci suka tattara ilimin maimakon su binne shi. Ibnu Ƙutaiba, wanda ya rasu a 276 bayan hijira (889), mutumin da aka sani da kare hadisi, yana da littafi sukutum mai suna Kitabul Anwa'i. A Andalus, a shekarar 961, aka gabatar wa halifa Hakam na biyu kalandar Ƙurɗuba, wadda ta jera watannin rana ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin tauraron da yake hudowa da wanda yake faɗuwa, da abin da ake shukawa da abin da ake girbewa a kowane wata. Sarakunan Banu Rasul na Yaman ma sun bar irin waɗannan kalandodi na manoma. Da littattafan Magrib suka ratso Sahara zuwa ƙasashenmu, wannan lissafi ya biyo su. Shi ya sa tsofaffin malaman zaure suke da watannin da suke kira na ajami, dabam da na ƙamariyya, kuma suka ƙulla sunayen taurarin cikin waƙoƙin ajami don sauƙin hadda. Harshenmu ya lanƙwasa sunayen, Surayya da Dabaran suka zauna kusan yadda suke, wasu kuwa sai ka natsu kafin ka gane Larabcinsu. Yadda na ji shi a zaure ina yaro, kowane yanayi cikin huɗu, bazara da damina da kaka da ɗari, yana da taurari bakwai, na damina kuwa su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha da Harsan. 'Yan uwanmu Hausawan Sudan za su shaida cewa manoman can har yanzu suna ƙirga daminarsu da kusan waɗannan sunaye, suna farawa daga Zira'a.

Sai dai manomin Bahaushe bai taɓa dogara ga tauraro shi kaɗai ba. Tauraro yana gaya masa cewa lokaci ya yi, amma ko ruwan ya kusa, wannan a ƙasa yake karanta shi. A hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, busasshiya, ɗauke da ƙurar Sahara. In bazara ta yi nisa sai ta juya ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma, daga wajen teku, da laima a cikinta. Tsoho ba ya bukatar na'ura kafin ya ji wannan juyi. Dare ya yi gumi, gishiri ya fara jiƙa a cikin ƙwarya, fatar ganga ta saki, ruwan randa ya daina sanyi irin na dā, domin randa ba ta sanyaya ruwa sai iska tana busar da gumin jikinta. Gawo, wanda yake kore shar a rani, ya fara kaɗe ganye. Tsamiya da sauran itatuwa su yi sabon toho tun ƙasa tana bushe. Sannan a tashi wata safiya a ga shamuwa a kan kukar bakin gari tana jan kirare. Ita wannan tsuntsuwa, a lokacin raninmu tana can gabashi da kudancin Afirka inda ake damina, tana bin fara da tsutsa, in damina ta juyo arewa ta biyo ta. Ba gaibu ta sani ba, abincinta take bi, kuma sau da yawa takan riga ruwan isowa. Hadari kuma kowa ya san wanda ya haɗu a gabas shi ne namu, wanda yake yamma ya riga ya wuce mu, kuma masana yanayi sun tabbatar da cewa manyan hadurran yankin Sahel daga gabas suke tafiya zuwa yamma.

Ba duk abin da aka gada ne yake da wannan ƙarfi ba, kada so ya rufe mana ido. Cewa bakan gizo yana shanye ruwa, har ana kiransa masha-ruwa, juya magana ne. Yana bayyana ne a lokacin da rana ta sami kafar haskawa, wato galibi hadarin ya riga ya fara watsewa. Lissafin taurarin ma yana zamewa a hankali, kimanin kwana ɗaya a kowace shekara 71, don haka ranakun da aka rubuta a zamanin Ibnu Ƙutaiba sun goce da kimanin kwana 16. Watannin ajamin kuwa a kan tsohuwar kalandar Rumawa aka gina su, wadda aka gyara a 1582, yanzu tana bayan wadda muke amfani da ita da kwana 13. Wanda ya riƙe takarda ya daina ɗaga kai sama zai yi ta kuskure yana zaton yana bin magabata.

Wani lokaci kuma kimiyya takan zo a makare ta tarar da tsofaffi sun riga ta. Manoman dankali a tsaunukan Andis, a ƙasashen Peru da Bolibiya, sukan hau tudu a ƙarshen watan Yuni kafin asuba su duba wannan kaza da 'ya'yanta. In ta fito tar, su shuka a kan lokaci. In ta yi dishi-dishi, su jinkirta shuka da makonni, domin sun san damina za ta yi rauni. A shekarar 2000 wasu masana uku, Orlove da Chiang da Cane, suka wallafa bincike a mujallar Nature da ya nuna dalilin. A shekarun da ruwan tekun Pasifik yake ɗumama, abin da ake kira El Nino, wani siririn girgije da ido ba ya gani yakan shimfiɗu can sama ya rage hasken taurarin, kuma a irin waɗannan shekaru ne ruwa yake ƙaranci a yankin. Ashe ba tauraron suke karantawa ba, iskar da ke tsakaninsu da shi suke karantawa.

A yau muna da hukumar NiMet da take fitar da hasashen damina kowace shekara, da cibiyar AGRHYMET a Yamai wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel. Hukuncinsu a wurina ɗaya ne da na tsohon da yake duban shamuwa: zato ne mai ƙarfi da aka gina a kan alamu, yana dacewa, yana kuma kuskurewa, saukar da ruwan kuwa yana cikin abubuwan da ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta keɓe ga Allah. Abin da yake ba ni mamaki shi ne, matashin da zai yi saurin kafirta kakansa a kan Haƙa'a da Hana'a, wani lokaci a wayarsa akwai shafin da yake gaya masa wai burujin da aka haife shi ya nuna zai sami kuɗi ko masoyiya a wannan mako, yana karantawa yana cewa wasa ne. Wannan shi ne ta'asirin da malamai suka haramta, ko da an yi masa ado da Turanci.

Ranar Alhamis da ba mu da karatu na hau babur da yaron muka tafi ƙauyen. Mun tarar da tsohon a gindin darbejiya yana tufkar igiya. Bayan mun gaisa na ce: "Baba, ni ne mai laifin, ba yaron nan ba. Na ba shi wuƙa ban nuna masa inda ake riƙewa ba." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi abin da ya ƙona masa rai, shekara sittin yana sallar asuba a jam'i, a ce jikansa ne zai koya masa cewa tauraro ba Allah ba ne. Ya ce: "Malam, a farin 1973 ina da ƙarfina. Taurarin nan duk sun shiga a kan lokacinsu, babu wanda ya makara. Shamuwa ta zo. Sau uku muna shuka yana ƙonewa. Da tauraro yana da ko ɗigo ɗaya a hannunsa, ai da ya ba mu. Filin idi muka fita, har da dabbobi, muna kuka."

Na tambaye shi yadda ta kasance da shukar bana. Ya yi dariya ya ce maƙwabcinsa bai saurare shi ba, ya shuka da ruwan farko, ana kwana tara sai ga wani ruwan, yanzu geronsa ya fi na kowa tsawo a wannan yanki. Wasu biyu da gonarsu take kan jigawa kuwa sai da suka sake shuka.

Yaron ya durƙusa ya nemi gafara. Tsohon ya ce ya yafe, amma da sharaɗi: duk hutun da ya zo gida zai tashe shi kafin kiran assalatu su fita bayan gari, ya nuna masa taurarin ɗaya bayan ɗaya, domin a cikin 'ya'yansa bakwai babu wanda ya tsaya ya koya. Makon jiya yaron ya karanta mini abin da ya haddace, daga Naɗaha ya kai Jabaha, na goma ke nan. Ya ce Surayya da Dabaran kawai yake iya nunawa da yatsa tukuna. Ni da na karantar da babin, Surayya kaɗai na sani.